Mota Marar Wurin Tsaraba

A ƙasar Arewa, idan ɗa ya daɗe a waje aka ji yana tafe, ba a cika tambayar ranar da zai iso ba kamar yadda ake tambayar abin da zai iso da shi. Ba kwaɗayi ne ya kawo haka ba, ko kuwa a ce ba kwaɗayi kaɗai ba ne. Tsaraba wasiƙa ce wadda kowa ke iya karantawa, har wanda bai taɓa taka ƙofar aji ba. Turmin atamfa yana cewa ana nan lafiya, buhun shinkafa yana cewa asiri a rufe yake, sabulu da goro kuwa suna cewa ba a manta da kowa ba. Shi ya sa har yau ba a daina zancen wata jar mota da ta shiga wani ƙauye na gundumar Kiyeshe a watan Disamba na 2017 ba, motar da kuɗinta ya isa ya ciyar da ƙauyen damina guda, amma ba ta zo da ko ƙullin gishiri ba.

Mai motar ɗan fari ne a gidansu. Ya bar kwalejin Dogondutsi yana aji na uku, ya gangara Kwatano kamar yadda dubban samarin Nijar suka gangara kafin shi, ya yi dako, ya yi wankin mota, daga bisani ya shiga sahun direbobin da ke koro motoci daga bakin teku zuwa arewa. Wanda bai san wannan sana'a ba, ga yadda take a wancan lokaci: jirgin ruwa ya ɗauko tsofaffin motocin Turai, yawancinsu daga Beljika, ya sauke su a tashar Kwatano, a yi musu takardun wucewa zuwa Nijar, a jero su ayari guda har Gaya, daga nan wasu su tsaya a ƙasa, mafi yawa kuwa su bi ta Ƙonni ko Maraɗi su faɗa Nijeriya, inda babbar kasuwar take. Shekara goma sha tara ya yi yana wannan kai da kawo, har ya tara abin da zai sayi mota ɗaya ko biyu da kuɗin kansa ya sayar.

Sai wani attajiri na ƙetaren iyaka ya yi masa sautun motar tsere irin ta ƴaƴan masu hali, ya ba da ɗan abin kafin alƙalami. Mutumin ya zuba duk abin da ya mallaka, ya ranto ciko. Kafin motar ta bar tashar jirgi darajar naira ta faɗi ƙasa warwas, sannan gwamnatin Nijeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin tudu tun daga ranar 1 ga Janairu 2017. Attajirin ya daina ɗaukar waya. Motar ta kusa shekara a lulluɓe cikin tamfol, tana cin kuɗin gadi, ba wanda ya taya. Daga ƙarshe aka ce masa ya gwada Yamai, ko a dace da wani matashi mai kuɗin da bai san zafinsu ba. A daidai lokacin ne kuma saƙo ya zo daga gida cewa an sa ranar auren autarsu bayan an gama kai amfanin gona rumbu.

Ya kamata mai karatu ya san irin dabbar da ake zance. Ƙofarta biyu, kujerarta biyu. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taƙi guda ba. Tayoyinta masu faɗi ne, amma robarsu ba ta da kauri, kuma ba ta da tayar ko-ta-kwana. Wurin kayanta jakar hannu ɗaya ke cika shi. A agogon gudunta an rubuta har 300. An ƙera ta ne don shimfiɗaɗɗun titunan Turai, inda ba jaki, ba rami, ba yaro mai tallar gyaɗa da zai fito daga bayan tsayayyar mota. Ita ce aka ce ta ci fiye da kilomita 1000, daga bakin teku zuwa cikin Dalol Mawri.

Daga Kwatano zuwa Malanbil, ta Faraku da Kandi, ya fi kilomita 700, kuma hanya ce da ya sani kamar yunwar cikinsa. Amma bai taɓa ganinta daga ƙasa-ƙasa haka ba, yana zaune kusan a kan kwalta, tayar kowace babbar mota ta fi kansa tsawo. A kowane gari akwai tudun nan da ake ginawa a kan titi don rage gudu. Sauran direbobi sai su ɗan taka birki su wuce. Shi kuwa dole ya tsaya cik, ya karkata kan motar, ya hau da taya ɗaya, ya sauke, ya hau da ta biyu, yana kasa kunne ko zai ji cikinta ya gogi ƙasa. Masu kabu-kabu ɗauke da mutum uku da akuya suna wuce shi suna waiwaye. Ga kuma maganar mai. Abin da ya fi yawa a bakin hanya shi ne fetur ɗin kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda kowace tsohuwar mota ke sha ta gode Allah. Wannan kuwa injinta ba ya son gurɓataccen mai, sai ya bi gidajen mai yana lissafi, inda babu kuma ya tace da ƙyalle yana addu'a. Tafiyar da ya saba yi a yini da rabi ta ci masa kwana uku.

Ya haye gadar kogin Kwara ya shiga Gaya. A lokacin ba a rufe ta ba, sai a 2023 ne aka datse wannan mashigi. Daga Gaya zuwa Doso kusan kilomita 150 ne, kuma a shekarun nan manyan motocin dakon kaya sun cinye kwaltar a wurare da dama. A wani rami bambar gaba ta tsage. Bakaniken da ya ɗaure ta da waya ya leƙa injin sau ɗaya ya mayar da murfin, ya ce wannan ba ta sifana ba ce, ta kwamfuta ce, in ta tsaya sai dai a yi mata salla.

Amma abin da ya fi ramukan cin ransa wani abu ne dabam. Duk tsawon shekarun da yake koro motocin mutane, bai taɓa barin Gaya shi kaɗai ba. Kullum akwai Ba'are mai neman a rage masa hanya: ɗalibi, ko tsohuwa mai komawa Tibiri, ko ɗan ci-rani da ya ƙare guzuri. Da wannan ne aka san shi, da shi ne kuma sunansa ya yi kyau a gida tun bai mallaki komai ba. A wannan karon ma sun zo, sun kewaye motar, sun yi masa barka. Sai dai a ƙasar nan ba mutum kaɗai ke tafiya ba, mutum ne da buhunsa, da jarkarsa, da goyonsa. Kowa ya leƙa ya ga kujera ɗaya tal, ya dubi kayansa, ya ja da baya yana murmushi. Ba wanda ya yi masa gori. Ya dai bar Gaya da kujera wofi a gefensa, karo na farko a rayuwarsa.

A Doso hanya ta rabu biyu. Hagu Yamai, inda mai saye yake, in akwai shi. Dama Dogondutsi, kusan kilomita 140, da gida, da biki. Hankali ya ce ya bi hagu, ya sayar, ya biya bashi, ya koma gida a motar haya da buhu biyu na shinkafa. Ya daɗe a tsaye a bakin tasha injin yana ci. Abin da ya yanke masa shawara shi ne wani tsoho da ya hango zaune a kan benci, da jakar fata a cinya da ƙaramar rediyo: malaminsa na ajin farko, wanda ya koya masa riƙe alli, ya zo Doso kan takardun fanshonsa yana jiran motar Dutsi ta cika.

"Mushe, ku taso in rage muku hanya."

Tsohon ya dube shi, ya dubi motar, ya kira sunan mahaifinsa don ya tabbata. Shigarsa ta ɗauki lokaci, kamar mai sauka rijiya, gwiwoyi suna ƙara. Da ya daidaita sai ya ce, "To, yaro, ashe kai ne Jagwar ɗin bana."

Mutumin bai gane ba, sai da tsohon ya warware masa. A tsakiyar shekarun 1950 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin wasu samarin Nijar uku, Damure Zika da Lam da Illo, da suka tafi neman kuɗi ƙasar da ake kira Gana a yau. Fim ɗin ya fito a 1967 da sunan Jaguar. A Ankara ta wancan zamani, saurayin da ya iya ado da taku, wanda kowa ke kallo in ya gifta, shi ake kira da sunan wannan motar Ingila, ko da kuwa ko keke ba shi da shi. Samarin sun komo gida da kaya, sun rabar, suka wayi gari kamar yadda suka tafi, sai suna. "Su dai sun zo da abin rabawa," in ji tsohon, yana laluben bayan kujera da hannu, bai sami komai ba sai bango.

Tsoffin malamai ba sa iya ganin abu su bar shi ba darasi. Ya tuna masa tseren Paris-Dakar, wanda ya riƙa ratsa Nijar ta Agadas tun daga 1979, da yadda motar Porsche ta cinye shi a 1984 da 1986 a hannun René Metge. Waɗancan ma ƴan uwan wannan ne, amma sai da aka ɗaga cikinsu sama, aka sauya musu ƙafafu, kuma bayansu akwai manyan motoci cike da kayan gyara da kanikawa. Wato ko Bature da ya ƙera ta bai yarda ya shigo da ita ƙasar nan yadda take ba, bai kuma yarda ya shigo shi kaɗai ba.

Bayan Doso akwai inda kwaltar ta miƙe sumul, ba kowa. Nan ne, sau ɗaya tak a cikin tafiyar duka, mutumin ya sake mata linzami. Allurar ta haura 160, itatuwan gefen hanya suka zama zane ɗaya, motar ta lafe a ƙasa kamar an danna ta da hannu, ƙarar da take yi ta koma wani irin gurnani mai daɗi. Ba za a ɓoye ba, abin yana da daɗi, kuma wanda ya ƙera ta ya san aikinsa. Minti biyu ko uku mutumin ya manta da bashi. Sai tsohon ya dafa masa hannu ya ce ya isa. Ya ce Abdullahi Mamani, wanda ya rubuta littafin Sarauniyar Lugu, a haɗarin mota ya rasu a 1993 tsakanin Damagaram da Yamai. Shi kansa Rouch a haɗarin mota ya cika kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Shi kuwa yana so ya ci fanshonsa tukuna.

Dama Arawa ba su taɓa sakin jiki da wannan hanya ba, kuma suna da dalili. Kafin dokar 1946 da ta soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka, da kai aka ɗebo jar ƙasar da aka fara shimfiɗa ta, ƙauye-ƙauye ake kamo majiya ƙarfi, wasu ba su komo ba. Kakan mai jar motar yana cikin waɗanda suka yi wannan dako. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogondutsi, ta buga nazari a 2002 kan yadda mutanen yankin ke danganta haɗurran wannan titi da iskokin da aka tasa daga mazauninsu sa'ad da ake fasa shi. Ko mutum ya yarda da iskoki ko bai yarda ba, maganar da ke ƙarƙashi ɗaya ce: hanya tana kawowa, tana kuma ɗauka, kuma ba kullum wanda ta kawo wa ne take ɗauka daga gare shi ba.

Sun wuce Kore Mairuwa rana ta yi sanyi, sai mutumin ya buɗe baki ya faɗa wa tsohon komai: attajirin, da tamfol, da masu bin bashi, da jika arba'in da suka rage a aljihunsa. Ya roƙe shi ya riƙe amana. Tsohon ya yi shiru har suka wuce wata rugar Fulani. Sannan ya ce, "Ka riga ka sa rigar. Yanzu sai ka san irin zaman da za ka yi kada ta yage a gaban mutane."

Ƙauyensu ba a bakin kwalta yake ba, sai an ratse an shiga cikin dalol, ta tsakanin gawo da gonakin da aka girbe. Rairayin wurin mai laushi ne, amalanke da babur kaɗai suka san makamarsa. Motar ba ta yi taku ɗari uku ba ta zauna a kan cikinta, tayoyi suna juyawa a banza. Aka aika yaro. Ƙanensa, wanda bai taɓa wuce Doso ba, ya zo da shanun nomansa biyu da igiya. Haka motar da aka rubuta wa 300 ta shiga gari ana kiran magariba, a bayan bajimai biyu, yara sun yi mata zobe, tsohon malami yana ciki yana ɗaga hannu kamar gwamna.

Mai karatu zai zaci abin kunya ne. Ko kaɗan. Mutanen gari sun ɗauke shi wani sabon salon isa: mota ce da ta fi ƙarfin taka rairayi da kanta. Kafin gari ya waye samari sun kafa mata rumfar kara don kada rana ta ci fentin. Makaɗa da maroƙa suka iso tun ba a gayyace su ba, suna jero kakanninsa har wanda ya yi dakon jar ƙasa, wanda a ranar ya zama sadauki.

Mutum ɗaya ne bai ruɗu ba. Mahaifiyarsa ta fito ta tsaya nesa kaɗan. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye a gaban jama'a, sai ta juya ga ƙanen ta ce, "Tambayi wancan, ina wurin tsarabar wagga mota?" Aka buɗe mata, ta ga jaka ɗaya. Mutane suka yi dariya, suka ce ai irin waɗannan ba a ɗora musu kaya, tsaraba tana tafe a baya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta koma ɗaki ta dama fura mai kauri ta aika masa, ta kuma tsaya daga bakin zana ta ga yadda ya shanye ta.

Washegari layi ya kafu. Baffa da rufin ɗakinsa ya zube, gwaggo mai takardar magani, abokin ƙuruciya da ke neman jari, kwamitin masallaci, ga hidimar biki da kowa ya ɗauka ta zama tasa. Jika arba'in ba su kai azahar ba. A daren nan ƙanen ya same shi a bayan rumfar.

"Yaya, Inna ta ce in buɗe rumbun wake."

"Wa ya gaya mata?"

"Ba wanda ya gaya mata."

Duk manomin Arewa ya san abin da wannan ke nufi. Wake shi ne bankin talaka. Ana ajiye shi ne har bazara ta yi nisa, sa'ad da farashi ya hau, a sayar a sayi hatsin da zai kai gida ƙarshen damina, a biya taki da kuɗin makarantar yara. Wanda ya kai wakensa kasuwa a Disamba, lokacin da kowa ke da shi, ya sayar da rabin guminsa a banza. Ƙanen ya kai buhunan kasuwa da amalanke a ranaku dabam-dabam don kada a lura, ya riƙa kawo kuɗin da dare. Da rana kuma yayan ya zauna a gaban jar mota yana raba su, maroƙa suna kirarin ɗan da ya tafi ya dawo da arziki, shi kuwa wanda ya noma arzikin yana gefe yana ba shanu harawa.

Ranar biki an so a kai amarya a cikinta, sai aka tuna amarya ba ta tafiya ba gwaggo, ba ƙawaye. Ta tafi a amalanke kamar yadda yayyenta suka tafi. Motar dai ta sha hoto. Babu wayar da ba ta ɗauke ta ba.

Rufin asiri abu ne mai kyau, kuma ba don shi ba da gidaje da yawa sun watse. Abin da uwar nan da ƙanen nan suka yi, kowa zai so a yi masa. Amma akwai waɗanda ba a sa su cikin lissafin ba. Lokacin hutun ƙarshen zangon farko ne, duk ƴan kwalejin yankin suna gida. Sun ga motar, sun ga rabon kuɗi, sun ji an ce mai ita a aji uku ya bar karatu. Ba su ga buhunan wake suna fita da asuba ba. Da aka koma aji a watan Janairu, malaman Faransanci da na lissafi suka tarar da wani darasi ya riga su shiga, wanda ba alli da zai goge shi. Kafin jarrabawar ƙarshen shekara wasu kujeru sun zama wofi, an ce masu su sun yi kudu.

Tsohon malamin shi kaɗai ne a wajen gidan ya san gaskiya, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Shekara talatin da biyar ya yi yana bin iyaye gida-gida don su bar yara a makaranta. Ya kuma ba da alkawari a cikin mota, tsakanin Kore Mairuwa da mararrabar gida. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran da suka tafi ya taɓa zuwa ya same shi, ya ce tun da tare suka zo, shin da gaske ne Kwatano tana ba da irin wannan? Tsohon ya daɗe yana murɗa rediyonsa, sannan ya ce shi dai abin da ya gani da idonsa, shanu ne suka kawo su. Uban ya yi dariya, ya ɗauka ba'a ce irin ta Mushe.

Bayan sati biyu, da asuba, shanun nan suka sake jan motar zuwa bakin kwalta. A Yamai ta yi wata huɗu kafin a saye ta, a kan abin da bai kai rabin kuɗinta ba. Masu bin bashi na Kwatano suka ɗauki nasu. Ƙanen ya sami wani abu daga cikin kuɗin wakensa ana tsakiyar damina, bayan ya riga ya ranci hatsi a wurin ɗan kasuwa. Ragowar kuwa ba wanda ya sake tayar da zancensa. Rumfar karan tana nan, an sabunta ta sau da yawa, mutanen gari suna kiranta gareji. A ƙarƙashinta ƙanen yake ɗaure shanunsa da rani.